Faretin Sajan Toka

Ƙanena ya yi aikin gadi a ƙofar wani kamfanin sabulu har ya yi ritaya, kuma abin da ya fito da shi daga aikin bai wuce usur ɗaya da takalman but da suka ji jiki ba. Duk da haka, babu wanda zai zauna kusa da shi bai ji labarin karnukan da ya sarrafa a kamfanin ba, kuma yawansu yana ƙaruwa ne gwargwadon yawan masu sauraro. Ni da na taɓa kai masa ziyara a bakin aikin, abin da na gani kyanwa ce guda tana barci a kan kujerarsa. Maƙwabta suka laƙaba masa Kwamanda don zolaya, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu, kamar wanda aka daɗe ana danne wa haƙƙi.

Gidan haya muke, mai tsakar gida ɗaya. Ni ina sama, shi da matarsa suna ƙasa, Tela yana da shago a bakin ƙofa, Direba yana ɗakin ƙurya. Sai kuma Toka, karen matar ƙanena, wanda ta tsinta yana ɗan kwikwiyo, ta raine shi har haɓarsa ta yi furfura. Tun da 'ya'yanta suka girma suka watse, da shi take hira idan tana yanka albasa. Kwamanda ya yi masa ƙarin girma zuwa Sajan, amma karen bai taɓa amsa muƙamin ba.

Wata safiya Tela ya zo ta bayan Toka ya dafa kansa kamar yadda ya saba, sai karen ya zabura ya kai masa cafka. Haƙori bai taɓa fata ba, hannun riga ne ya tafi. Amma Tela ya yi ta nuna yagar ga duk mai wucewa har magana ta kai kunnen mai gidan haya, wanda ya zo ya tsaya a tsakar gida ya yanke hukunci.

"Kare mai cizo ba zai zauna mini a gida ba. Kafin ƙarshen wata, ko a nuna mini da idona cewa kansa ɗaya, ko a san inda za a kai shi."

Matar ƙanena ta shiga kicin ta ja ƙofa. Kowa ya san babu mai karɓar tsohon kare, kuma kowa ya san me ake nufi da inda za a kai shi. Kwamanda kuwa ya gyara hula ya ƙame.

"An gama, ranka ya daɗe. Fareti zan shirya maka a nan inda kake tsaye. Za ka ga Sajan ya tsallake shinge, ya bi umarni, ya kama ɓarawo. A ranar, da kanka za ka roƙe ni in ba ka hayarsa."

"Ni dai a nuna mini ba ya cizo," in ji mai gidan.

"Wannan ai ƙaramin darasi ne. A ciki yake."

Da yamma na sauko na same su a falo. Kwamanda yana riƙe da jarida can nesa da fuskarsa, iyakar tsawon hannunsa, matarsa kuma tana shafa kan Toka.

"Yaya, ki yi masa magana," ta ce da ni. "Karen nan ba hauka yake ba, ido ne yake barinsa. Ki dubi ƙwayar idonsa, kamar an ɗiga madara. Kuma yanzu ba ya ratsa tsakar gida, sai dai ya bi jikin bango."

"Dabarar yaƙi ke nan," in ji Kwamanda daga bayan jarida. "Gogaggen kare ba ya bin fili. Bango yake ba baya."

"Idan zai sauka matakala sai ya yi ta laluben ta da ƙafa."

"Bincike yake. Ko an ɗana tarko."

"Shekaranjiya na ajiye bokiti a inda ba a saba ba, ya yi karo da shi."

"To wa ya ce ki ajiye bokiti a kan hanyar sintiri?"

Na ce, "Kai, ajiye jaridar nan ka yi magana da mutane. Idan aka jefa masa ƙwallo, me yake yi?"

"Tsayawa yake sai ya ji faɗuwarta, sannan ya bi," in ji matarsa.

"Haƙuri ke nan, Yaya. Abin da ba a samu a karnukan yanzu."

Matar ta ce ta kira asibitin dabbobi a waya, an ce ta kawo shi, amma kafin nan ta saki ɗan guntun auduga a gaban idonsa, domin auduga ba ta da ƙara kuma ba ta da ƙamshi, ido kaɗai ke bin ta. Ta ɗauko ta saki. Audugar ta sauko a hankali ta gaban hancin Toka ta kwanta a ƙasa, shi kuwa yana kallon wajen ƙofa yana kaɗa wutsiya.

Kwamanda ya yi tsaki. "Raini ne wannan. Kare mai muƙami za a gwada da auduga? Ba ni nama."

Ya shiga kicin ya tsamo tsoka daga tukunya, ya kaɗa ta a iska har ƙamshi ya cika falon, ya saki. Toka ya soka hanci ƙasa, ya shinshina hagu, ya shinshina dama, ya same ta.

"Kun gani? Ido kamar na shaho."

"Da hanci ya gani," na ce.

"Yaya, ke makaranta kika sani. Kare kuma a bar mini."

"Baban yara, mu kai shi likita kawai," in ji matarsa.

"A kai Sajan likita ana saura kwanaki fareti? Me maƙwabta za su ce? Bayan fareti, idan kina so, likitan ya zo ya ɗauki darasi."

Washegari muka tashi muka tarar tsakar gidan da muka sani ta ɓace. Kwamanda ya aro tsofaffin tayoyi daga wajen Direba ya jera su, ya ɗora katako a kan duro biyu, ya kifa bencin Tela a tsakiya, ya ɗaura igiya daga famfo zuwa turken shanya daidai gwiwar mutum. Kwanon ruwan Toka, wanda yake gindin famfo tun yana kwikwiyo, ya mayar da shi can bayan tayoyi, wai lada sai an sha wuya.

Abin da bai sani ba, kuma aka faɗa masa ya ƙi ji, shi ne Toka haddace gidan ya yi. Ya san inda benci yake, ya san inda famfo yake, shi ya sa ciwon ya daɗe a ɓoye. A safiya ɗaya ƙanena ya goge masa haddar.

Toka ya fito ya nufi famfo, igiya ta tare shi a ƙirji. Ya ja baya ya canza hanya, ya yi karo da benci. Ya sake juyawa, ya faɗa cikin taya ya zauna a ciki.

Direba, wanda yake wanke baki a ƙofar ɗakinsa, ya ce, "Kwamanda, Sajan ya yi fakin."

"Ɓuya ke nan. Ka taɓa ganin ɓarawon da ya leƙa cikin taya?"

"Gaskiya ban taɓa ba. Ɗauke tayar suke yi."

Kwamanda ya busa usur. Toka ya firgita ya fita daga tayar a guje, ya shige tsakanin ƙafafun Tela, wanda ya fito da baho cike da ruwan sitati. Bahon ya yi sama, Tela ya yi ƙasa, sitati ya sauko a kansu su biyun.

"Jiya hannun riga, yau rigar gaba ɗaya," in ji Tela yana share ido. "Gobe sai keken ɗinki."

"Kai ka shiga filin atisaye ba izini."

"Filin atisaye? Nan nake shanya tun kafin ka san hanyar gidan nan."

"Ka yi godiya. Rigarka za ta tsaya ba guga."

A kwanakin da suka biyo, Toka ya ƙi hawa katako, don haka Kwamanda ya hau da kansa domin ya nuna masa. Ya kai tsakiya, duro ɗaya ya mirgina, ya sauko a zaune. Ya ce darasin faɗuwa ne, kuma wajibi ne kowane kare ya gani. Toka a lokacin yana kallon bango. Kwamanda ya gwada rarrafe ta ƙarƙashin igiya, bayan wandonsa ya yage, ya kai wa Tela ɗinki, Tela ya ce sai bayan fareti, kada ya shiga aikin soja ba izini. Wata yamma kuma na hango shi daga sama ya ƙame yana sara wa doguwar rigar Direba da ke kan igiyar shanya.

"Barka da zuwa, ranka ya daɗe. Shiri ya yi nisa."

Na leƙo na ce, "Da wa kake magana?"

Ya matsa kusa, ya taɓa rigar, ya ce, "Gwaji nake, Yaya. Yadda zan tarbi mai gidan."

"To ka gaya wa rigar ta zauna, ta sha hanya."

Toka dai ya daina fitowa sai an ja shi. Ya rage cin abinci, ya koma kwanciya a ƙarƙashin kujerar uwar ɗakinsa. Ita kuma takan saci jiki ta kai masa ruwa har inda yake, ta riƙa yi masa magana tun daga nesa kafin ta taɓa shi. Na ce mata mu ɗauke shi mu kai likita ba da sanin mijinta ba. Ta ce ko likita ya yi magana, mai gidan haya ya ce da idonsa zai gani, kuma an riga an sa masa rana.

Ranar fareti aka jera kujeru a jikin bango. Kwamanda ya goge but ɗinsa, ya rataya usur a wuya, ya naɗe Direba da tsohuwar katifa ya ɗaure da igiya, domin shi ne ɓarawo.

"Idan ya cije ni fa?" in ji Direba.

"Katifar za ta tare. Idan ba ta tare ba, ka san ka mutu a hannun ƙwararre."

Mai gidan haya ya makara. Kafin ya iso rana ta yi ƙasa, inuwar bene ta rufe tsakar gida, Direba kuma ya jiƙe sharkaf a cikin katifa. Kwamanda ya jawo Toka ya zaunar da shi a gindin bango, kusa da buhun da Tela yake tara ƙyallaye, buhu mai launin toka da aka ɗaure bakinsa ya bar kunnuwa biyu. Sannan ya taka har ɗaya ƙarshen tsakar gidan, ya juya wa kare baya, ya soma jawabi.

Jawabin ya yi tsawo. Ya fara daga kamfanin sabulu, inda karnukan suka ƙaru har sai da aka gina musu bariki. Yana cikin bayanin wani dare da ya kori gungun ɓarayi shi kaɗai, matarsa ta yi ɗan tari. Toka ya ɗaga kunne, ya miƙe, ya bi jikin bango a hankali, hanci a ƙasa, har ya iso ƙarƙashin kujerarta ya kwanta. Duk mun gani. Babu wanda ya katse mai jawabi, domin ya riga ya yi gargaɗin cewa ba a magana lokacin fareti.

Ya juyo ya nuna gindin bango da yatsa.

"Sajan, zauna."

Buhu yana zaune.

"Kun gani? Kada ka motsa."

Buhu bai motsa ba.

Kwamanda ya busa usur har sau uku, ya buga ƙafa, ya tafa hannu. "Ranka ya daɗe, dubi wannan. Ko kunne bai kaɗa ba. Wane kare ne a unguwar nan zai yi haka?"

"Babu," in ji mai gidan, yana danne baki da hankici.

"Ni shaida ne," in ji Tela. "Tun da na san shi bai taɓa cizon kowa ba."

"Ka ji, har wanda ya kai ƙara ya janye. Yanzu babban darasi. Ɓarawo, fito."

Direba ya fito yana tafiya kamar agwagwa, ya zagaya tayoyi, ya je ya tsaya a gaban buhun ya yi gyaran murya.

"Sajan, kama shi."

Shiru.

"Sajan, umarni nake ba ka."

"Kwamanda, ko in matso masa da ƙafar?" in ji Direba.

"Yi shiru, ɓarawo ba ya ba da shawara. Lissafi yake yi. Sajan, kada ka kunyata ni a gaban manya."

Na ce, "Ka je kusa ka yi masa magana mana. Wataƙila ya ƙoshi ne, cikinsa ya cika da yawa."

Ya harare ni, ko dai ya harari wajen da yake zaton nake, ya taho a fusace. Igiyar da ya ɗaura da hannunsa ta ɗauke shi a gwiwa. Ya yi gaba, ƙafa ɗaya ta shiga taya, ya kama Direba don ya tsaya, Direba kuma ba shi da hannu a waje, suka tafi tare. Turken shanya ya biyo igiya, zanin gadon Direba ya sauko ya rufe su. Daga ƙarƙashin zanin Kwamanda ya miƙo hannu ya damƙi buhun a wuya ya fizgo.

"Tashi, malalacin banza."

Bakin buhu ya kwance, ƙyallaye suka zubo masa a ka, ja da kore da mai furanni.

"A hankali," in ji Tela. "Akwai hannun rigata a ciki."

Mai gidan haya ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Da ya samu numfashi sai fuskarsa ta koma yadda take, ya ce, "To. Na ga buhu, kuma buhu zai iya zama. Ina karen?"

Dariya ta ɗauke. Matar ƙanena ta miƙe ta kira Toka da sunansa a hankali, ya fito ya jingina da ƙafarta. Ta ciro auduga daga bakin zaninta ta saki a gaban fuskarsa. Audugar ta wuce ta kwanta, idonsa bai bi ta ba. Ta ɗaga haɓarsa wajen sauran haske domin mai gidan ya ga farin da ya rufe ƙwayar.

"Ba ya ganin mai zuwa, ranka ya daɗe. Hannu ya ji a kansa daga sama, ya tsorata. Tela, don Allah kira shi tukuna, sannan ka taɓa."

Tela ya naɗe hannun rigarsa har kafaɗa, don tsaro, ya ce, "Toka, ni ne. Mai yagaggiyar riga." Karen ya juyo wajen muryar, wutsiya ta soma kaɗawa. Tela ya miƙa hannu, Toka ya shinshina ya lashe shi.

Mai gidan ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Gobe a kai shi likita. A mayar da komai na tsakar gidan nan inda yake, kada a sake matsar da ko tsintsiya. Kowa ya yi masa magana kafin ya taɓa shi. Idan aka yi haka, ya zauna."

Matar ta sunkuya ta rungume wuyan karen, ta ɓoye fuskarta a gashinsa.

Kwamanda ya fito daga ƙarƙashin zani da ƙyalle mai furanni a kafaɗa. "Wannan gwajin auduga shirme ne, ranka ya daɗe. Duhu ya yi. A wannan hasken ko ni, da ake kirana a nemo allura a ɗakin ajiyar kamfani, sai na ƙura ido."

Na karɓi sauran audugar na tsaya ɗan nesa da shi, na ɗaga hannu. "To ƙura. Idan na saki ka ce ta faɗi."

Ya gyara tsayuwa, ya ware ido, ya sa hannu a ƙugu. Na saki. Audugar ta sauko tana lilo, kowa ya bi ta da kallo har ta kwanta a kan simintin, har Direba da ke kwance cikin katifa ya ɗago kai ya gani.

Muka jira.

"Yaya, ki saki mana," in ji Kwamanda. "Mutane suna da abin yi."

Washegari Direba ya kwashe su a motarsa, aka fara ajiye Toka a asibitin dabbobi, aka wuce da Kwamanda asibitin ido, yana cewa rakiya ya yi. Likitan dabbobi ya ce yanar ido ce ta tsufa, ido ɗaya ya yi nisa, ɗayan kuma akwai abin da za a iya yi masa, kuma da an kawo shi tun da aka ga yana bin bango da aikin ya fi sauƙi. Benci ya koma wurinsa, kwanon ruwa ya koma gindin famfo, kafin mako ya zagayo Toka ya dawo da sintirinsa, ba ya taɓa komai. Usur kuwa yana cikin akwatina, kuma mabuɗin yana hannuna.

Ranar da tabarau ya iso, muna zaune a falo. Kwamanda ya saka, ya dubi silin, ya dubi jarida a kusa, ya dube ni ya ce ashe na tsufa haka. Sannan ya sunkuya ya kama haɓar Toka, ya daɗe yana duban fuskarsa, ya ɗago ya kalle mu ɗaya bayan ɗaya yana girgiza kai.

"Karen nan ai idonsa ya yi fari fat," ya ce. "Duk gidan nan babu wanda ya lura sai ni?"